Riɗin da Za Ki Kai Sawakin

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Daga Maigatari zuwa Gagarawa, daga hannun uwa zuwa hannun 'yarta.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Idi da duk mutanen gidanku. Allah ya sa niyyar da kuka ɗaura ta zuwa Makka ta zama karɓaɓɓiya. Ya tsare ku daga ƙishi da ciwo da mugun abokin tafiya.

Kin san sunanki ba ya fita bakina, ke ce ta fari. Ranar da kika zo yi mini sallama ina zaune ina tsince wake, na ce Allah ya kiyaye hanya, kika ce amin, shi ke nan. Amma cikina cike yake da magana. Takarda ba ta jin kunya, shi ya sa na ɗauko alƙalamin marigayi mahaifinki. Kawunki Sale zai kawo miki ita tare da wata 'yar jaka ta farin saƙi. Kada ki kwance jakar, ba taki ba ce. Riɗi ne a ciki, na wata mata ce a Sawakin, garin bakin teku inda za ku jira jirgin Jidda, garin da aka haife ki. Sunanta Jamuna. Ba Musulma ba ce. Na yi mata laifi kusan shekara ashirin ke nan, ban roƙe ta gafara ba, ga shi ƙafafuna sun daina tafiya mai nisa. Ba ni da wanda zan aika sai ke.

Na san halinki. Ina ji kika taɓa cewa ke ba za ki taka gidan masu gunki ba ko ƙishi zai kashe ki. Don haka ki karanta har ƙarshe kafin ki ce a'a.

Mun bar gida ni da mahaifinki a shekarar da Turawa suka shiga Kano. Muka bi ta Barno da Wadai da Darfur, muna tafe muna tsayawa, inda damina ta riske mu sai mu yi noma. Da muka isa Sawakin guzuri ya ƙare, ni kuma ina da cikinki wata bakwai. Mahaifinki ya kama ɗinkin hula a unguwar Takari, wato inda mutanenmu na yamma suke zama. Ni kuma wata 'yar Katsina ta kai ni gidan wani ɗan kasuwa mutumin Indiya, irin waɗanda mutanen garin ke kira Baniyan. Aikina tsince hatsi da tankaɗe da wanki. Matar gidan ita ce Jamuna. Sa'ata ce, siririya, mai yawan dariya. Akwai kuma wata tsohuwa a gidan, Manika, mutuniyar wani tsibiri da ake kira Silan. Reno ta yi wa Turawa a jirgin ruwa, ciwo ya kama ta suka sauke ta a Sawakin, Jamuna ta ɗauke ta. Da Larabcin kasuwa muke magana mu uku, kowacce da irin nata gurguntaccen, inda ya ƙare mu cika da hannu.

Kuskurena na farko a kwana na uku na yi shi. Ina tsakar gida na hango tukunya tana tafasa tana zuba a madafa, babu kowa kusa. Na ruga da takalmana na fata, waɗanda na taho da su tun daga kasuwar Gumel, na sauke tukunyar. Ina jira a ce mini sannu. Sai Jamuna ta fito, ta dube ni, ta dubi takalman, ta ɗauki abincin duka ta kai waje ta zuba wa tsuntsaye. Ta dawo ta wanke daɓen madafar. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata matar nan ta ɗauke ni ƙazama, ni da nake alwala sau biyar. Na ɗauki mayafina na tafi, kwana biyu ban koma ba.

Tsohuwa Manika ce ta biyo ni har unguwar Takari. Ta ce madafa a wurin su Jamuna kamar wurin ibada take. Ba ta ɗora tukunya sai ta yi wanka, kuma ba a cin abincin sai an fara miƙa shi ga abin bautarsu. Ko mijinta in ya dawo daga kasuwa ba ya shiga sai ya wanke jiki. Fatar dabba kuwa gawa ce a wurinsu. Ta tambaye ni yaya zan ji in wani ya tako mini tabarmar salla da takalmi, ko da taimakona ya zo yi. Washegari na koma, na tuɓe takalmi tun daga zaure. Jamuna ba ta tayar da zancen ba, sai ta miƙo mini dabino.

'Yata, in kin shiga gidan da ba ki san dokarsa ba, ki tsaya a bakin ƙofa ki tambaya. In an yi miki abin da ya ba ki haushi, ki nemi dalili kafin ki ɗauki mayafi. Sau da yawa ba raini ba ne, tsoron wani abu ne da ke ba ki gani.

A cikin ɗakinta akwai wani ɗan lungu inda ta jera ƙananan siffofi na tagulla. Kullum da safe tana kunna musu fitila ta man shanu, ta sa fure, ta kaɗa 'yar ƙararrawa, ta haɗa tafin hannu tana waƙa a hankali. Ranar da na fara gani na nemi tsari da ƙarfi, sannan dariya ta kama ni, don ɗaya daga cikinsu jikin mutum ne da kan giwa. Ta ji ni. Na ga fuskarta ta canja, amma ba ta zage ni ba. Da ta gama sai ta cika ƙwarya uku da ruwa ta jera a tsakar gida, ta ce in leƙa. Rana ce a cikin kowacce. Ta ce su ma a wurinsu Mai girman ɗaya ne, shi ne asalin komai, yana cikin komai, amma idon mutum ba ya iya kallonsa, shi ya sa kowa yake nemansa ta fuskar da zuciyarsa ta saba da ita. Na ce mata ni ban yarda ba, Allah ba shi da siffa, ba shi da abokin tarayya. Ta ce to, in riƙe nawa da kyau.

Na riƙe kuwa. Ban taɓa barin salla ba a gidan nan, kuma ki ji abin mamaki: ita ce take tuna mini. Ina tsaka da tankaɗe sai ta ce, "Hadiza, ladaninku ya kira, ajiye faifan." Ta ware mini wani gefe ƙarƙashin bishiya, ta hana kowa bi ta gabana. Har yau ina kunyar dariyar nan. Ba sai kin yarda da abin da mutum yake bauta wa ba, amma kada ki yi masa dariya a gabansa. Dariya ba ta taɓa shiryar da kowa ba.

Da haihuwarki ta zo, mahaifinki yana kasuwa, naƙuda ta kama ni a gidan Jamuna. Ita da Manika suka karɓe ki. A addininta jinin haihuwa yana ɓata tsarki na kwanaki, ta sani, amma ba ta matsa ba. Ita ta fara ɗaukarki. Sunan nan da ƙannenki suke tsokanarki da shi, Moti, ita ta sa miki. A harshensu lu'ulu'u ke nan.

Daga nan muka shaƙu. Muna tsince shinkafa tana ba ni labarin addininsu. Ta ce rai ba ya mutuwa, jiki ne yake ƙarewa, shi ya sa suke ƙone gawa ba sa binnewa. Ran sai ya sake dawowa duniya a wani jikin, ko na mutum ko na dabba. Abin da mutum ya aikata, mai kyau ko mummuna, yana bin sa, shi yake zaɓar masa inda zai faɗo. Karma suke kiran wannan. Kowa kuma yana da aikin da ya hau kansa gwargwadon gidan da aka haife shi, in ya yi shi da gaskiya ya sauke nauyi. Burinsu a ƙarshe su daina dawowa, ran ya koma ga asalinsa kamar yadda kogi yake shiga teku. Na ce mata mu sau ɗaya muke zuwa, sai kabari, sai hisabi. Ta ce kai, ashe ku ba a ba ku damar gyara.

Nama kuwa ko kusa. Tun da aka haife ta bai taɓa shiga bakinta ba, balle na saniya. Ta ce saniya uwa ce, wadda ta shayar da kai da nononta ba ka sa mata wuƙa. Na ba ta labarin Fulaninmu da suke sa wa shanu suna, suke kuka in ta mutu, amma duk da haka ranar suna a yanka. Ta riƙe baki. Ta ce ni da son naman nan nawa, in ban yi hankali ba kura zan dawo. Na ce ita kuma saniya za ta dawo tunda tana ƙaunarsu haka, sai dai ta roƙi kada a sauke ta a Maigatari ranar kasuwa. Muka yi ta dariya har Manika ta ce za mu tashe ki.

Ita Manika addininta daban ne. Ba ta bauta wa siffofin Jamuna. Hanyar wani malami take bi da suke kira Buddha. Ta ce ba Allah ba ne, mutum ne, ɗan sarki. An rene shi a cikin daɗi, ba a bari ya ga wahala ba, sai wata rana ya fita gari ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa. Ya bar gidan sarauta ya shiga daji neman dalilin wahalar mutane, har ya gano. Na tambaye ta to wa ya halicce su. Ta ce malaminsu magani ya kawo, bai tsaya a kan labarin farkon duniya ba. Abu biyar take kiyayewa kullum: ba ta kashe mai rai, ba ta ɗaukar abin da ba a ba ta ba, ba alfasha, ba ƙarya, ba abin maye. Na ga kunama ta fito daga cikin itace, tsohuwar nan ta tura ta kan faifai da tsinke ta kai bayan gida ta saki. In wata ya cika goma sha huɗu sai ta sa fararen kaya, ba ta cin komai bayan rana ta take tsaka. Ta ce a garinsu akwai malamai masu rawayen tufafi, ba aure ba dukiya, mutane suke zuba musu abinci kullum da safe.

Kowace hantsi tana zama a inuwa ta naɗe ƙafa ta rufe ido, ba motsi. Ni kuma na riƙa yi mata ba'a, ina cewa Iya ta samu dabarar barci a zaune. A lokacin shekararmu ɗaya a Sawakin. Kullum ina ganin jirage suna tashi da mutanen da suka zo bayanmu, mu muna nan. Zuciyata ta yi zafi. Na riƙa yi wa mahaifinki gori, ina cewa ya rabo ni da dangina ya kawo ni bakin ruwa ya ajiye. Mutumin nan bai taɓa mayar mini ba, sai dai ya sunkuyar da kai a kan hularsa. Wannan ma kuskure ne da nake nadama, don ya rasu ban taɓa ce masa ya yi ƙoƙari ba.

Wata rana na zo aiki idona jawur. Manika ta kira ni, ta ce ba barci take yi ba, numfashinta take bi, shiga da fita, tana kallon tunani yana zuwa yana wucewa. Ta ce malaminsu ya koyar cewa rayuwa ba ta rabuwa da wahala, kuma tushen wahalar ƙishirwar zuciya ne, a samu wannan, a riƙe wancan, kada wancan ya tafi. Alhali babu abin da yake tsayawa. In ƙishirwar ta mutu wahalar ta mutu, kuma akwai hanyar kashe ta: gyara magana da aiki da sana'a da tunani, ba tare da azabtar da jiki ba, ba kuma tare da sake masa linzami ba. Sannan ta nuna ki, kina rarrafe kina cin ƙasa.

"Kina can hayin teku da zuciyarki," in ji ta. "Ga yarinya ta yi haƙori biyu, ba ki ma gani ba."

Na duba bakinki. Gaskiya ne, biyu ne, ban sani ba.

Ban ɗauki addininta ba, amma na gane abin da malamanmu suke nufi da haƙuri da ƙana'a, a bakin matar da ba ta taɓa jin sunansu ba. Ke ma za ku jira. Wataƙila wata uku, wataƙila shekara uku. Kada ki ci naman Malam Idi da baki saboda jirgi. Ki kalli abin da yake gabanki a ranar.

Yanzu ga babban. Na daɗe ina jujjuya alƙalami kafin in fara.

Kina da shekara biyu Jamuna ta haifi ɗanta na fari, namiji. Haihuwar ta zo da wuya, ta zubar da jini da yawa, zazzaɓi ya biyo baya. Danginta suna can Indiya. Ni da Manika muke kanta. Abin da ake ba ta ruwan shinkafa ne da wake da man shanu da wasu saiwoyi. Ni kuwa 'yar ƙasar Gumel ce. Tun ina yarinya na san abin da ake yi wa mai jego: wankan ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, yaji, da romon ƙauri, ƙafar sa da aka dafa har ta narke. A wurinmu mai jegon da ba ta sha romo ba, danginta ba sa ƙaunarta. Ina kallon matar da ta karɓi haihuwarki tana ƙanjamewa, wuyanta kamar kara, na ce a raina ba za ta mutu a gabana saboda saniya ba.

Na je wurin wani mahauci a unguwar Takari na samo ƙafar sa. Na dafa a gidanmu tun asuba har hantsi. Na tace romon sau uku da tsumma, na dama kunun kanwa na gero, na zuba ludayi biyu a ciki, na cika yaji don ya danne ƙanshin. Ki sani Jamuna ba ta cin dafuwar hannun kowa sai na mutanenta da na Manika. Amma ranar, saboda ni ce, ta karɓi ƙoƙon. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta dube ni.

"Hadiza, babu nama?"

Na ce babu. Na ƙara da rantsuwa.

Kwana bakwai ina kai mata. A na bakwai Manika ta karɓi ƙoƙon za ta wanke, ta ga maiƙo ya daskare a gefe. Ta shinshina. Ta ja ni bayan ɗaki. Na ce mata ai ceton rai nake yi, ga shi Jamuna ta fara zama da kanta. Tsohuwar ta ce ta san niyyata fara ce, kuma a hanyarsu ma niyya ce gaba. Amma na yi ƙarya, kuma na yanke wa mace hukunci a kan abin da yake tsakaninta da abin bautarta. Ta ce ita ba za ta tona ni ba, ba kuma za ta yi ƙarya ba in an tambaye ta. In daina, in je in faɗa da bakina, in sunkuyar da kai.

Na daina. Amma ban sunkuyar da kai ba. Jamuna ta warke, ko romon ne ko saiwoyin ne ko kwananta ne da saura, Allah ne ya sani. Ni dai na sa a raina ni ce. Ranar da ta fara fitowa tsakar gida da jaririnta, mijinta yana nan, ana ta murna, ta ce kunun Hadiza ne ya tashe ta, in koya mata yadda ake damawa. Sai kaina ya kumbura. Na yi dariya na ce ai uwarta saniya ce ta tashe ta, na ba su labari duka, har da tacewa sau uku, ina jira su ce ashe mutanen yamma sun san magani.

Babu wanda ya yi dariya. Jamuna ta miƙa wa Manika yaron. Ta tafi bayan gida, ina jin kakarin amanta. Da ta dawo ba ta ɗaga murya ba.

"Na tambaye ki," ta ce. "Da hannu biyu na karɓa."

Mijinta ya nuna mini ƙofa. Daga baya na ji ta yi kwana uku ba ta ci komai ba, ga jego, tana zuwa teku tana wanka, ta rufe lungun fitilarta da ƙyalle don tana ganin ba ta isa ta tsaya a gabansa ba.

Na koma gida ina faɗa, ina cewa na yi alheri an saka mini da kora. Mahaifinki ya saurare ni har na gama. Bai ajiye allurarsa ba ya ce, "Da ke ce a kwance, ta ga kin rame, ta zuba miki romon alade a kunu, kika tambaya ta rantse babu fa?" A nan na gane abin da na yi. Ya ce maƙwabci yana da haƙƙi ko mene ne addininsa, amana kuma ba ta tambayar wa ya ba ka ita. Ya ce in je in ba ta haƙuri.

Ban je ba. Kullum sai in ce gobe. Bayan wata biyu Allah ya buɗa mana muka ƙetare, muka sauke farali. A Arfa na roƙi gafarar komai, amma na san haƙƙin mutum sai mutum ya yafe. Da muka dawo ta Sawakin kwana tara muka yi. Na goya ki na je har bakin lungunsu, ina hango ƙofar, ina jin 'yar ƙararrawarta. Na tsaya har kika fara kuka. Na juya. Mu muna kiran wannan kunya, muna yabon mai ita. Ni na san ranar ba kunya ba ce, girman kai ne ya yafa mayafi.

Ga abin da na koya, ki riƙe shi fiye da duk sauran. Ƙauna ba ta ba ki izinin yaudarar mutum. In kin ga hanyarki ta fi, ki faɗa a fili, ki roƙa, ki yi kuka in kin so, amma in an ce a'a ki tsaya. In kuma kin yi laifi, ki je a ranar. Kwana ɗaya in ya wuce, na biyu ya fi nauyi.

Da na ɗauka da wannan zan shiga kabari. Sai bara Hajiya Dije ta Sule Tankarkar ta dawo daga gabas, na je yi mata barka. Cikin hira ta ce akwai wata Ba'indiya a Sawakin, mijinta ya mutu, fararen kaya take sawa, ɗanta ne yake riƙe da kantin mijin. Ta ajiye randa a ƙofar gida don alhazai. Duk matar Takari da ta tsaya shan ruwa sai ta tambaye ta, Gumel? Gumel? Da Hajiya Dije ta ce ita mutuniyar ƙasar ce, sai matar ta kama hannunta ta ce ko ta san wata Hadiza mai 'ya Moti, ko yarinyar ta girma. Hajiya Dije ba ta san ki da wannan sunan ba, ta ce ba ta sani ba. Ta ce tsohuwar da ke gidan ta rasu tuni. Ina zaune a ɗakin mutane hawaye suka zubo mini, na ce hayaƙi ne.

Wadda take tambaya haka ba ta rufe ƙofa ba. Shi ya sa nake da ƙarfin zuciya.

In kun isa, ki karanta wa Malam Idi takardar nan, mai ilimi ne, zai gane. Ki tambayi gidan mai randa a lungun Baniyan. Ki tuɓe takalmi tun daga waje. Kada ki shiga da kilishi ko wani abin fata a jikinki. Kada ki doshi madafa. In kin ga lungun fitila ki kawar da kai kawai, imaninki ba zai zube don kin tsaya a tsakar gidan da aka yanke miki cibi ba. Ki ce mata ke ce Moti. Sannan ki ce: Hadiza ta ce kin tambaye ta, ta yi miki ƙarya, ta ci amanarki, ba ta da hujja, tana roƙon ki yafe. Kada ki ƙara da cewa ai don ta warke na yi. Ta sani. In ta yafe, ki aiko mini da duk wanda ya riga ku tahowa. In ta juya baya, ki gode mata don ta karɓi haihuwarki, ki fito. Ko haka ne na sauke rabi.

Riɗin na gonarmu ne ta bayan gari, da hannuna na tsince shi. Na san ƙasar Sudan cike take da riɗi, amma na sha yi mata alfahari da namu, tana cewa baki ne kawai. Ɗanye na aika, ban soya ba, ban yi kantu ba, don ta dafa da hannunta ta san abin da ke ciki. Kuma ki ji halin uwarki. Da na gama tsincewa sai na zuba shi a jakar fatar nan mai kyau ta mahaifinki, na ɗaure, ina jin daɗi na yi abin kirki. Sai da na kai hannu zan ba kawunki na ga abin da na yi. Shekara ashirin, har yanzu kaina na Maigatari ne. Na juye, na zubar wa kaji wancan, na sake tsince wani, na zauna na ɗinka wannan ta auduga zalla, zaren ma na auduga. In ta tambaye ki ko akwai wani abu na dabba a jikinta, ki ce babu. Wannan karon gaskiya ne.

Allah ya sa ƙasa ta yi muku laushi, rijiyoyi su yi muku ruwa, teku ta kwanta muku. Ya haɗa ku da mutanen kirki, namu da waɗanda ba namu ba. Ya kai ku ɗakinsa lafiya, ya dawo mini da ke ina da rai, ki zauna a gabana ina tsince wake ki faɗa mini abin da ta ce.

Ki gaida Malam Idi. Allah ya yi miki albarka, Moti.

Mahaifiyarki,
Hadiza